Rijiyar da Na Nuna wa Anasara

A lokacin ni saurayi ne ɗan shekara sha shida ko sha bakwai, Allah ne masani, tunda a wajenmu ba a rubuta haihuwa. Muna kiwo a dajin Gugaram, Arlit kuwa ko bulo ɗaya ba a aza ba. Mahaifina ya rasu, don haka da kumandan, Bature mai mulkin yankin, ya ce a kawo yara lakwal, wato makarantar boko, dangi suka ɓoye nasu suka miƙa ni. Na yi shekara uku a Agadas, na koyi Faransanci daidai na roƙon ruwa da amsa laifi, sannan na gudo gida. Da wannan babban ilimi nake rubuto muku, a yi haƙuri.

Muna da wata rijiya a cikin kori, wato busasshen rafi, an rufe bakinta da faffaɗan dutse, an bi da yashi. Ba a buɗe ta sai shekarar fari, ba a kuma nuna wa yaro ita sai ranar da aka naɗa masa rawani. Ni kawuna ya nuna mini kafin lokaci a wata shekarar fari, saboda ya karye a ƙafa, awakin innata kuma ba mai shayar da su. Ya sa na rantse ba zan nuna wa kowa ba.

A wannan farin ne wasu Anasara suka zo neman ma'adini da kamiyo, wato babbar mota, da wani akwati mai ƙara idan an kanga shi ga dutse. Ruwansu ya ƙare. Babbansu ya ji ina gwaranci da yarensu, sai ya zaunar da ni a kujera, ya kira ni mushe, wato yallaɓai a yarensu, ya ce daga gani ni ne namijin wurin. Ni da ban taɓa jin wani suna ba sai kai yaro! Bai doke ni ba, bai tsorata ni ba. Da ƙafata na shige gaba, har ina taya su ɗaga dutsen.

Suka zura famfo. Kafin wata ya mutu rijiya ta koma laka, suka kaɗa motarsu suka tafi. Awakin innata suka riƙa faɗuwa ɗaya bayan ɗaya, ni nake jan mushensu nesa da bukka. Ba ta zage ni ba. Sai dai daga ranar ta riƙa ajiye mini abinci a gefe kamar baƙo, a haka har ta rasu. Kawu ya ce ba hannun dangi da zai naɗa mini rawani. Ni na naɗa wa kaina a bayan kasuwa, a karkace.

Kwanan baya jikata ta karanta mini wani littafin ƙagaggen labari da aka ba su a lakwal. Yaron ciki ya sha yunwa, ya sha duka, a shafin ƙarshe ya fito dattijo mai hikima, kowa na sa masa albarka. Na tambaye ta ko marubucin ya faɗi awakin wa suka mutu kafin yaron ya yi hankali. Ta ce kaka ba haka ake karanta littafi ba. Na ce to, ni jahili ne.

Amma ni wahala ba ta mai da ni namiji ba, ta sa ni ƙishirwar yabo ne, har kujera ɗaya ta ishe ni. Samari, idan baƙo ya fara kiranku manya tun gemu bai fito ba, ku duba me ya ƙare masa. Ku kuma manya, maraya idan kun ba shi sirri, ku haɗa masa da kalma mai daɗi ko ɗaya ce, kada ya je ya fara jin ta a bakin wanda zai shanye muku ruwa.