Iya Maɓalli da Kunnen Aro

Shekara ashirin da biyu Iya Maɓalli ta yi a kan kujera ɗaya, a lungun shagon ɗinki, kusa da taga. Ba ta hawa keken ɗinki. Aikinta shi ne wanda teloli ke rainawa: ɗinka maɓalli, kalmashe bakin hannu, tsinke zaren da ya yi saura. Gwangwanin madara bakwai ne a gabanta, kowanne da irin maɓallinsa, kuma ko ido rufe ta zura hannu ba ta kuskure. Ƙarar kekuna ta daɗe da cinye mata kunnen hagu, na daman ma sai an ɗaga murya. Karatunta bai wuce ta gane sunanta a takarda ba, shi ya sa ita da 'yarta tilo, wadda aure ya kai nesa, da saƙon murya suke gaisawa.

Ranar Litinin saƙo biyu suka shigo. Na farko gajere ne: "Inna, don Allah na biyun ke kaɗai za ki ji. Ke kaɗai."

To, a nan matsalar take. Tun da wayar Iya ta faɗa bokitin wanki, murya ɗaya ta sani, ta mai shela. Ba a rage ta, ko kira ne da ƙarfi yake fita. A gida ɗaki ɗaya suke da ƙanwarta da 'ya'yan ƙanwar, bangon kuwa maƙwabta na jin tarin juna. A titi hayaniya ba ta barin kunnenta ya kama komai. Kwana uku tana yawo da saƙon a jaka ba ta buɗe ba. Yarinyar ta yi ɓari har sau uku, kuma Iya ba ta san wane irin labari ke jiranta ba.

A shagon akwai mai yankan kaya, wadda ake kira Rediyo. Matar kirki ce, hannunta a sake, bakinta ma haka. Kullum da waɗansu fararen abubuwa a kunnenta, ba igiya ba komai, tana yanka tana kaɗa kai. Ranar Alhamis bayan azahar Iya ta daure ta matsa kusa da teburinta.

"'Yar nan, ki ara mini abin kunnen nan naki, minti biyu."

"Iya! Ke ma kin shigo gari? Wane tsoho ne yake turo miki waƙa?"

"Bakinki ya sari katako. Ki ba ni kawai."

Rediyo ta zare ɗaya ta miƙa mata. Iya ta cusa shi a kunnen hagu, shiru. Ta mayar na dama, sai kiɗa ya daki kwanyarta, har ta yi salati.

"Ai sai an haɗa shi da wayarki," in ji Rediyo tana dariya. "Har yanzu tawa ya sani. Kawo."

Ta karɓi wayar Iya, ta kunna bulutut, wanda ke haɗa waya da irin abin nan ba igiya, ta tsaya tana jira. Sunaye suka fito a jere: wayar mai shago, talabijin ɗin mai aski na maƙwabta, wata mota da ke bakin titi. Na abin kunnen ne kawai babu. Ta mayar da su biyun cikin 'yar akwatinsu, ta bar murfin a buɗe, ta danne wani maɓalli a baya har 'yar wuta ta fara ƙiftawa. Sunan ya bayyana. Kafin ta taɓa, ya ɓace, sun koma wayar uwargijiyarsu.

"Kin ga masu amana," in ji Rediyo.

"Ni dai ban ga komai ba. Riga huɗu na jirana."

Suka sake. Wannan karon wutar ta yi ja, caji ya ƙare. Aka jona akwatin a bango, Iya ta koma kujerarta tana huci. Ta ɗinka maɓalli shida a wata riga, sai da ta gama ta ga na huɗun ba ɗan'uwansu ba ne. Rabonta da irin wannan kuskuren har ta manta. Mai shago ya leƙo ya ce, "Iya, lafiya?" Ta ce lafiya, ba ta ɗago ba.

Bayan la'asar Rediyo ta tuna sai ta kashe bulutut ɗin tata wayar tukuna. Da ta kashe, abu ya kama nan take.

"Ya haɗu! Ungo."

Ta ba Iya ɗaya, ɗayan kuma hannunta ya mayar da shi kunnenta kamar yadda ya saba, ta ɗauki almakashi. Iya ta gani sarai. Amma a lissafinta abu biyu ne, mutum biyu, waya biyu: wannan nata, wancan na mai shi. Wa zai ce mata ba haka ba?

Ta shiga ɗakin ajiyar yadi, ta tura ƙofa, ta zauna a kan wani ƙunshi. Ta yi bisimilla ta danna. Muryar 'yarta ta zo can cikin kunnenta, a hankali, kamar tana kwance kusa da ita.

"Inna, ina da ciki, wata uku. Likita ya ce wannan karon ya zauna da kyau. Ko dangin mijina ba mu faɗa wa ba. Na gaji da a taya ni murna, a dawo a yi mini jaje. Ki yi mini addu'a kawai, ki yi shiru har..."

Daga cikin shago aka kwarara ihu.

"Allahu akbar! Jama'a, Iya za ta yi jika! Wata uku!"

Kekuna suka tsaya. Iya ta fito, ta tarar da teloli biyar da mata biyu masu jiran kaya duk sun washe baki, ana ta barka. Rediyo na tsaye da almakashi a hannu, fuskarta na sauyawa a hankali, don ƙarshen saƙon yanzu yake isa kunnenta.

"Iya... wallahi ban san... ni na ɗauka..."

Iya ta zare abin ta ajiye mata a kan yadi. Ba ta zage ta ba. Ta dubi mutanen ɗaya bayan ɗaya ta ce, "Don girman Allah, ya tsaya a nan." Kowa ya ce to. Ɗaya daga matan kuwa 'yar unguwarsu ce, kuma Iya ta san irin wannan to ɗin.

Ta koma ɗakin yadin ta rufe. Ta daɗe da waya a hannu. Zuciya ta ce mata ta yi addu'a kawai ta tura, yarinyar tana nesa, ina za ta ji? Ta danna, ta fara, ta goge. Sannan ta share idonta da bakin mayafi, ta sake dannawa.

"Na ji, 'yata. Allah ya raba lafiya, ya tsare mini ke. Amma ki yafe mini, ba ni kaɗai na ji ba. Bari in faɗa miki yadda aka yi."