Indo Mai Duwatsu da Jan Tauraro

A Garhanga ana kiranta Indo mai duwatsu. Sunan ya samo asali ne bayan babbar yunwa, shekarar da ta binne ɗiyanta biyu, mijinta Isaka kuma ya tafi ci-rani bai dawo ba sai da gero ya sake nuna. Da furoje, wani shirin taimakon manoma, ya zo gyaran ƙasa, tana cikin matan farko da suka hau fako. Su ɗauko dutse a ka, su jera shi layi layi don ya tare ruwan sama, su haƙa ramuka su dasa itace. Aikin ya cinye mata wuya da gwiwa. Amma ta rayu har ta ci tuwon geron da ya fito a wurin da ko akuya ba ta tsayawa a da.

Autarta Rahinatu ta yi lakwal, wato makarantar boko, ta zama malamar kimiyya a kwalejin Buza. Wani hutu ta zo gida, suna zaune da hantsi suna ɓarar wake, ta ce:

"Inna, masana sun gano wasu duniyoyi bakwai suna kewaya wani ƙaramin tauraro ja. Na dutse ne kamar tamu. Ana zaton wasunsu za su iya riƙe ruwa."

Indo ta ajiye ƙwarya. "Mi kika ce? Dutse?"

"Dutse, Inna."

"Wa ya je ya gani?"

Rahinatu ta ce ba wanda ya je. Hasken tauraron ake aunawa, in duniya ta gitta gabansa sai ya ɗan dushe. Ta ƙara da cewa tauraron bai kai ranarmu zafi ba, don haka duniyoyin sun matsa kusa da shi, kuma ana jin gefe ɗaya ne kullum yake fuskantarsa, ɗayan gefen yana cikin duhu.

"To in da mutane, yaya za su san la'asar ta yi?" in ji Indo.

Washegari Indo ta ɗauki sandarta ta je zauren liman, Malam Alhusaini, ta tambaye shi ko sauraron irin wannan zance laifi ne. Ya ce kullum a sallah tana yabon Ubangijin talikai, kuma shi bai san iyakar abin da Allah ya halitta ba.

Tun daga nan, duk ranar da Rahinatu ta kira ta a tarho, bayan gaisuwa sai ta ce, "Ina labarin duwatsun can?" Maƙwabta suna yi mata dariya, ba ta damu ba.

Shekaru suka wuce, idonta ya fara rufewa. Rahinatu ta zo duba ta, ta same ta kwance a inuwar rumbu. Ta so ta ɓoye mata sabon labarin duwatsun can, amma Indo ta tambaya. Sai ta gaya mata an duba da wani sabon babban madubin hangen taurari, an ga alamar na kusa da tauraron ba su da iska, dutse ne tsirara.

Indo ta ɗago kai.

"Sauran fa?"

"Ba a sani ba tukuna. Ana kan dubawa."

"To kada su yi saurin yanke ƙauna," in ji ta. "In an samu labari, ɗiyata, ki fara gaya wa Malam. Ya ce shi ma yana son ji."

Indo ta rasu da damina, ranar wata Laraba, bayan ta sha fura da hannunta. Rahinatu ta koma Buza da aka yi sadakar bakwai. In ta zo Garhanga takan biya zauren liman ta gaishe shi, shi kuma yakan tambayi labarin duwatsun can, ita kuma ta ce har yanzu ana dubawa.