Mai Sauraron Bututu

Don Nibaldo gajere ne mai tumbi, hular ulunsa kuwa da alama tun yana saurayi bai rabu da ita ba. Yau ne zuwansa na uku gidan tsohuwa Doña Ercilia a Punta Arenas, gari mai tsananin sanyi, saboda tukunyar ruwan zafi ta ɗumama gida da ya girka mata tana ƙugi kamar cikin mayunwaci. Yana durƙushe, bakin sukudireba a jikin bututu, ƙotar a kunnensa, ido a lumshe. Wataƙila likita ya so zama.

Tsohuwar na tsaye a kansa.

"Malam, shekara arba'in murhuna na itace bai taɓa yi mini tsawa ba. In kukan nan bai tsaya yau ba, ka kwashe tarkacenka, kuma sai duk unguwa ta ji."

"Iya, ruwanta ne ke raguwa, iska na shiga. Na duba ko'ina, ba inda ke yoyo."

"To aljanu ke shanyewa?"

Sai ta ture shi gefe, ta tara jakar robar da take ɗumama ƙafa da ita, ta murɗe ɗan famfon da ke gindin tukunyar. Ruwan zafi ya tsiyayo.

Don Nibaldo ya cire hula a hankali.

"Iya, sau nawa kike yin haka?"

"Jaka huɗu kullum, har da ta kyanwa. Ai wannan famfon ne kaɗai abin kirkin da ka yi a gidan nan."