Bututun da Ɗanladi Bai Buɗe Ba

Yau shekara goma sha biyu ke nan da rasuwar mijina Ɗanladi, masanin duwatsu, kuma har yanzu kayansa guda ɗaya yana hana ni sakewa: wani baƙin bututu, toshe kai da gindi, a ƙasan akwatina.

Yashi ne a ciki. Na sha yi masa tsiya cewa ya ƙare boko kaf ya koma tallan ƙasa. Daga gindin wani tsohon dutse mai aman wuta a Filato yake haƙo shi. Ya ce fararen ƙwayoyin nan masu ƙyalli, tun ranar da toka ta binne su suke tara wani ƙarfi, kuma idan aka auna su a ɗaki mai duhu za su faɗi yaushe dutsen ya yi amansa na ƙarshe. Amma rana na taɓa su, komai ya goge. So yake ya sani ko dutsen ya mutu ko barci yake, don akwai ƙauyuka a ƙarƙashinsa.

Ba a daɗe da komawa mulkin farar hula ba gari ya rikice. Muka bar unguwarmu Trikania da tsakar rana za mu ƙauyen Kakau wajen yayata, jaririyarmu Ladi na cinyata, tarin bututansa suna but ɗin mota. Kafin mu fita gari samari suka tare mu da gorori da galan ɗin fetur, suka sa Ɗanladi ya fito ya buɗe but.

"Oga, mene ne wannan? Bom ne?"

"Yashi ne, ɗana. Haske yana ɓata shi."

"Yashi? Open am, buɗe! In ba haka ba mu ƙona motar da ku a ciki."

Ɗanladi ya leƙo ya dube ni, ya dubi Ladi. Sannan ya shiga zare murafen da hannunsa, yana zazzage aikin shekaru a kan kwalta, rana tana dukansa. Suka yi dariya, suka ce mu wuce.

A Kakau muka ga ɗaya ya gangara ƙarƙashin kujera. Ya ce guda ɗaya ba ya shaida, ya miƙo mini. Bai ƙara komawa Filato ba.

Da yana nan yau, da ya ga Ladi ta gaje shi. Ta ce injinan yanzu ƙwayoyi kaɗan sun ishe su, in ba ta bututun ta tafi da shi a auna. Ni kuwa hanyar nake tsoro. Shingaye sun fi na da yawa, kuma baƙin bututu a jakar yarinya ba abin wasa ba ne.

Jiya na ɗauko shi na ba ta. Na ce abu ɗaya ubanki ya bar mana, kuma ba yashin nan ba ne. Duk wanda ya tare ki ya ce ki buɗe, kada ki tsaya bayani, Ladi. Ki buɗe, ki dawo mini.