Ɗigon Ja a Bayan Ƙumba

Shekara talatin da ɗaya ya yi a gidan ruwa, amma ko famfo bai taɓa ɗaurawa ba. Aikinsa kallo ne. A wani ɗan ɗaki mai sanyi akwai akwatin gilashi da ruwan kogi ke ratsawa, ciki kuwa ƙumba takwas, halittun nan masu ɓawo biyu da ke tace abincinsu daga ruwa. In bakinsu na buɗe, ruwa lafiya lau. In suka rufe gaba ɗaya, sai ya ruga a kashe inji kafin guba ta shiga gari. Sau uku kacal hakan ta faru. Sauran kwanakin zama yake yi, ya zuba musu ido, har ya ji numfashinsa ya bi nasu.

"Maigida, kai da su, wa ke gadin wani?" matarsa takan tsokane shi.

Duk wata uku yakan ɗebo sababbi, ya mayar da tsofaffin ƙarƙashin gada. Kafin ya sake su sai ya ɗiga wa kowacce jan fenti a baya, alamar ta gama aikinta. Sai dai bai taɓa komawa ya duba su ba, don tsoro yake ji. Suna rayuwa, ko kuwa shekara da shekaru kabari yake kai su da hannunsa? Wannan tambaya ta daɗe tana cin ransa.

Ranar da ya yi ritaya, na'ura ta gaji kujerarsa, da la'asar sakaliya ya nufi gada. Matar ta biyo shi, ta zauna a gaɓa riƙe da takalmansa. Ya naɗe wando ya shiga, yana lalube da yatsun ƙafa. Ta farko da ya ciro ɓawo ne fayau. Ta biyu ma haka.

"Tsofai-tsofai da kai kana wasan laka! Fito haka nan."

Bai fito ba. Can ƙafarsa ta taɓo wata mai nauyi, ya ciro ta, ta cika masa tafin hannu. Ya goge gansakukar bayanta da babban yatsa, sai ga ɗigon, ya koɗe amma ja ne. Ya mayar da ita cikin ruwa a tafinsa, ya zuba mata ido. Sannu a hankali ta buɗe baki.

"Tana nan?" in ji matar.

Ya gyaɗa kai yana hawaye.