Faifan da Ta Yi Furfura a Jikinsa

Shekarar da na haifi 'yata ina aiki gidan wata Hajiya a unguwar Rusaifa ta Makka, haifaffiyar garin, jikar alhazan Kano. Ba ni da iƙama, takardar izinin zama, don haka daga ɗakinmu sai gidanta, ko shago ba na tsayawa. Ta yarda in riƙa zuwa da jaririyar, amma kada a ji kukanta. Alhaji mijinta ba lafiya, maƙwabta kuma akwai tambaya.

Faya-fayan da Alhaji ya tara ne suka rufa mini asiri. Wata baƙar Ba'amurkiya ce ke waƙa a cikinsu, murya kamar mai lallashi, ana busa ƙaho a hankali a bayanta. Jaz suke ce masa. Hajiya na sawa yarinya sai barci, ni kuma in kama guga.

Ban yi boko ba, da hoto nake gane su. Wata rana bayan azahar Hajiya na ɗaki tana lazimi, yarinya ta fara mutsu-mutsu. Na ga wani faifan da ban taɓa ji ba, matar dai ce amma ta yi furfura. Na ce ai wannan ya fi, mu a gida in zabiya ta tsufa waƙarta kwanciya take. Na sa.

Gangar inji ce ta fashe, dum-dum, irin ta motocin samari, muryar tsohuwar na bin kiɗan da ƙyar. 'Yata ta tsala ihu. Garin neman kashewa na ƙara sauti.

Hajiya ta fito da carbi, ta zare waya daga bango.

"Ke, ya binti, biki muke yi?"

"Hajiya, na ga ta tsufa ne."

"Ai tsufan ne ya ja mata! Na 'yan zamani aka sa ta yi. Alhaji ma ji ɗaya ya yi masa ya ajiye."

Har ta soma dariya, sai ga tarin Alhaji, sai ƙararrawar ƙofa. Matar hawa na sama ce, wai jaririn wa ke kuka. Ina bayan ƙofar kicin na cusa wa yarinya nono, ina jin Hajiya na cewa jikar ƙanwarta ce.

Da matar ta tafi Hajiya ba ta yi faɗa ba. "Halas, shi ke nan. Ba zan sake yin ƙarya ba. Gobe ke kaɗai."

Tun daga nan nake barin 'yata wajen wata tsohuwa a unguwarmu. La'asar na yi nono ya cika ya jiƙa mini riga, in tsaya jikin tagar kicin da ba ta buɗuwa, ina jira a ce in tafi.