Shuuu ɗin da Baba Habu yake ji

Har gobe ranar da na je gidan Baba Habu ba ta fita daga raina ba, kuma duk sanda na tuna sai raina ya ɓaci. Ku da kuka shigo sana'ar nan kwanan baya, ku ajiye abin da ke hannunku ku saurara.

Lokacin ina babban mai gyara a wani shagon kayan sauti a Zango. Tsarin shagon shi ne, Alhaji maigida ke sayarwa, abin da aka dawo da shi kuma ya biyo ta teburina. Gwaji iri ɗaya muka sani, mu da duk layin: a jona ampli, na'urar ƙara sauti, da bafal, wato sifika, a bakin ƙofa, a murɗa har ƙarshe. In ƴan kabu-kabu suka waiwayo, kaya ya yi kyau.

A shekarun ne ƙananan ampli da ake kira kilas D suka cika kasuwa. Ga wanda bai sani ba, tsohon ampli kullum cikin shan wutar lantarki yake, yana zafi kamar dutsen guga. Kilas D kuwa kunnawa da kashewa yake da saurin da kunne ba ya kamawa, don haka ba ya zafi, ba ya cin batir. Masu kyansa tas suke ko an rage murya. Na arha su ne matsala. An ɗaga ƙarfinsu tun daga masana'anta, sai su riƙa wani siririn shuuu da ba ya raguwa ko ka rage sauti. Wasu kuma an sa musu dabarar barci, in sauti ya yi ƙasa su ɗauka ba a amfani da su, su yanke.

Wani ɗan kasuwa, Lawali, ya sayi irin wannan don mahaifinsa, Baba Habu, tsohon maɗinki da idonsa ya tafi. Abin da ya rage masa a duniya sauraron tafsiri ne, a hankali, bafal kusa da matashinsa. Dattijo ne mai kunya, ba zai cika gidan surukai da ƙara ba.

Aka dawo da amplin, wai tsoho ya ce yana huci kuma yana haɗiye magana. Kafin ya iso teburina Alhaji ya jona, ya murɗa, layi ya ɗauka. Ya ce wa Lawali, "Ka ji da kunnenka. Lafiya lau." Da aka sake dawowa da shi, haka aka maimaita. A nan ne Lawali ya rage murya ya ce, "Alhaji, ni dama na fara zargi. Baba cewa yake akwai mai hura iska a ɗakin, ana sace kalmomi daga bakin malami. Mun yi rubutu, mun yi hayaƙi. Litinin zan kai shi wajen likitan ƙwaƙwalwa."

Alhaji ya girgiza kai ya ce, "Tsufa ke nan, Allah ya sawwaƙe."

Na ce, "Alhaji, a bar ni in je in ji shi a ɗakin."

Ya ce, "Mamman, garanti a shago yake, ba a gidajen mutane ba."

Wallahi na ji kamar in jefa masa ƙarfen da nake lanƙaya waya da shi. Ya san kayan da ya saro, ya san na arha ne. Amma ya gwammace a ce uban wani ya taɓu da a ce kayansa na da aibi. Bayan la'asar na ɗauki jakata na bi Lawali, ban nemi izini ba.

Mun sami Baba Habu a zaune bakin gado, ɗakin duk warin hayaƙi. Lawali ya jona, hannunsa ya tafi kai tsaye ga maɓallin sauti. Na riƙe hannun. Na ce, "Baba, kai za ka saita, yadda ka saba."

Ya lalubo maɓallin ya ɗan taɓa shi kaɗan. Na sa aka kashe fanka, na ce Lawali ya zauna inda uban ke sa kai. Shuuu ɗin na nan, siriri, a bayan muryar malami. Malam ya ja numfashi tsakanin aya da fassara, ampli ya yi ɗif. Kafin ya farka, farkon jimla ta wuce.

Baba Habu ya ce, "Lawali, ka ji?"

"Na ji, Baba."

"Ko kai ma a kai ka Litinin ɗin?"

Lawali ya sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga kan tabarma. Ban tausaya masa ba a lokacin. Tun farko zama kusa da ubansa kawai ake bukata, amma duk wanda ya shigo ɗakin sai ya ƙure sauti ya ce, "Ai ga shi, Baba."

Gyaran bai kai a kira shi aiki ba. Na rage ƙarfin shigar sauti, na cire dabarar barcin, kafin magariba murya na fita tas. Baba ya sa mini albarka, sannan ya ce, "Ɗana, na gida sun ji. Na masallaci fa, wa zai kai su ɗakin nan?"

Magana ta riga ta zaga unguwa. Mutumin da ake kira in za a sasanta rigima ko a nemi aure, aka koma gaishe shi da ƙarfi kamar ƙaramin yaro, ana wucewa. Haka ya zauna har Allah ya karɓi abinsa.

Da na gaya wa Alhaji abin da na gani, ko ɗagowa bai yi ba. Ya ce, "To, ai ka gyara." Ban daɗe ba na bar masa shagonsa.

Shi ya sa nake muku tsawa in na ga kun murɗa ampli har ƙarshe kuna murmushi. Kowane tarkace yana iya ihu. A can ƙasa, inda mai shi zai saurara a ɗakinsa, ake gane na kirki. Ku rufe ƙofa, ku kashe fanka, ku rage, ku kasa kunne. In kuma mutum ya ce yana jin wani abu, ku je ku sa kanku inda yake sa nasa, kafin wani ya yi masa hayaƙi.